Ruɗewar tsofaffi bayan aiki: melatonin na hana ta kuwa?

Ɗan_Boukoki:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka sani. Babanmu shekararsa 76, za a yi mishi aikin prostat, ƴar tsokar nan ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara mai tare fitsari in ta kumbura, nan da sati biyu a nan Yamai. Wata huɗu ke nan yana ɗauke da sondi, robar fitsari, ya gaji, mu ma zuciyarmu ta gaji da ganinsa haka. Fargabata ga inda ta samo asali. Bara waccan an yi wa kawunmu aikin gwaiwa. Aiki ya yi kyau, ɗinki ya kama, amma a dare na biyu sai ya tashi yana fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa a buɗe mishi ƙofa awakinsa sun faɗa gonar mutane. Rabonsa da kiwo ya fi shekara 20. Har yau in ka ba shi kuɗi ya ƙirga sai ya rikice, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ciniki a Katako. To yanzu ƙanwata da ke aure a Faransa ta aiko da kwalin wani magani, melatonin, ta ce a fara ba Baba kafin aikin, wai yana tsare hankalin tsofaffi. Don Allah gaskiya ne? In ba shi ko in bari?

Maman_Rabi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi a sa'a. Wallahi karanta labarin kawunku sai da gabana ya faɗi, don haka uwar mijina ta yi da ta karye a ƙugu. Sai dai ita ba ta yi faɗa ba, shiru ta yi. Kwana huɗu ido a buɗe ba ta ce da kowa uffan, ka ba ta fura ta kalle ka kamar baƙo. Mu kuma muna ta murna wai tana hutawa. Maganin nan ban san shi ba.

Ɗan_Konni:
Allurar barci ce ke cinye musu ƙwaƙwalwa, kowa ya san wannan. Ka ce a yi wa Baba ta baya, wadda ke kashe rabin jiki, shi ke nan ka huta da neman wani magani.

Mai_Allurar_Barci:
Ɗan_Boukoki, sannu da ɗawainiya. Wannan aikina ne, shekara 11 ina tsaye a kan marasa lafiya cikin ɗakin tiyata, bari in ɗan tsawaita.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Na farko ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya, galibi tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki. Tana zuwa tana tafiya: da hantsi tsoho yana hira lafiya lau, bayan magariba bai san ɗansa ba. Wani ya yi ta fizge-fizge kamar kawunku, wani ya yi lamo kamar surukar Maman_Rabi, kuma mai shirun nan ya fi ba ni tsoro, don shi ne ake wucewa a ce yana barci. Na biyu raunin tunani ne da ke jan lokaci, mantuwa, kasa lissafi, kasa riƙe zance, na makonni ko watanni. Wani babban bincike da aka buga a 1998, an bi mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama a ƙasashe da dama, ya samu kusan kashi 26 cikin 100 da wannan rauni sati ɗaya bayan babban aiki, bayan wata uku kuma ya sauko kusan kashi 10. Wato mafi yawa suna farfaɗowa, wasu kaɗan abin ya zauna musu.

Shi melatonin jikinka ma yana yin sa. Akwai wata ƴar tsoka a tsakiyar ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ita ke sakin sa in duhu ya yi, haske kuma ya tsayar da ita. Shi ke gaya wa jiki dare ya yi. Da tsufa yana raguwa, aiki da kwanan asibiti kuma suna ƙara dagula shi. Daga nan masana suka ce to a gwada ba tsofaffi, ko barcinsu ya daidaita hankali ya tsira. Tunanin yana da ma'ana. Sakamakon ne bai tsaya wuri ɗaya ba. A Masar a 2010 an ba masu aikin ƙugu miligiram 5, aka ga ruɗewa ta ragu sosai. A Holan a 2014 aka gwada miligiram 3 a kan tsofaffi 378 da suka karye a ƙugu, rabi magani rabi ƙwayar banza wadda ba magani a cikinta, ba a ga bambanci ba. A Ostareliya a 2022 aka gwada a kan mutum sama da 800 a ɗakin masu tsananin ciwo, nan ma shiru. Ƙananan bincike sukan ce yana yi, manyan da aka tsaurara sukan ce ba su gani ba. Ni a nan na tsaya.

Ɗan_Boukoki:
Na gode ƙwarai Malam. Ke nan dai in ajiye kwalin?

Mai_Allurar_Barci:
Ban ce ka jefar ba. Ka ɗauke shi da takardarsa ka tafi da shi ranar ganin mai allurar barci, ai ba a shiga aiki sai an yi wannan ganawar. Shi zai duba sauran magungunan Baba ya yanke. Kada dai ka fara ba shi a ɓoye.

Mai_Farmasi_Wadata:
Ina goyon bayan wannan. Kuma ɗan'uwa ka duba mana jikin kwalin, miligiram nawa ne? A Faransa wanda bai kai miligiram 2 ba ana sayar da shi ba ordonansi, kamar ƙarin abinci. Akwai kuma Circadin na miligiram 2 mai narkewa a hankali, wanda Turai ta amince da shi tun 2007 don rashin barcin masu shekara 55 zuwa sama, shi sai da takardar lokotoro. Ka lura, don rashin barci aka amince da shi, ba a rubuta tsare hankali bayan tiyata ba. Wani abin kuma: a Kanada a 2017 an auna iri 31 na melatonin da ake sayarwa a kanti, wani abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba, wani ya ninka fiye da sau biyar. In haka ta faru a can, ina ga wanda ya sha rana a kan tebur a kasuwa. Kuma in Baba yana shan maganin tsinka jini irin warfarin, lallai a faɗa, don suna iya karo.

Ɗan_Boukoki:
An rubuta 1,9 mg. Maganin hawan jini kawai yake sha, sai wata ƙwaya da yake saye da kansa in barci ya ƙi.

Mai_Farmasi_Wadata:
To wannan ƙwayar ta barci ta fi damuna a kan melatonin ɗin. Nemo sunanta yau ɗin nan.

Majo_Tahoua:
Ɗana, ni na yi shekara talatin da ɗoriya ina gadin dare a kan marasa lahiya a gidan likita kahin in aje aiki, kuma mi na gani? Tsohon da ya tashi da sambatu cikin dare, in ka bi sawu, sau da yawa abin da ke bayansa ƙarami ne. Ka taɓa mararsa ka ji ta yi tauri kamar ƙwarya, sondi ya toshe, hitsari ya taru. Ka buɗe, cikin awa guda mutum ya dawo yana tambayar ina tasbahatai. Wani kwana huɗu bai zaga ba. Wani ƙishirwa ce, watan Afrilu, ɗaki kamar tanda, kuran ya tahi, ƴaƴa sun hana shi ruwa don suna tsoron ɗinki alhali lokotoro ya riga ya ce a ba shi. Wani zazzaɓi ne ya shigo, ko masassarar sauro ko ciwon ya yi ruwa. Tsoho ba kullum jikinai ke zahi ba, ruɗewar ita ce zazzaɓin nasa.

Wagga ƙwaya da kuke magana ban taɓa ba kowa ita ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma na san duhu. Ɗakin da ake kwana da fitila huɗu a kunne, ƴan jinya goma suna hira, rediyo na yi, portabul na ƙara, tsoho ya yi kwana uku bai san dare da rana ba, to ko lafiyayye sai ya zautu. Ni in na karɓi gadi, bayan isha'i ina rage wuta, in kori masu hira waje, da safe in buɗe taga. In wanga abu da jiki ke yi duhu yake so, to a fara ba shi duhun mana, ba ya cin ko dala.

Hajiya_Talladje:
Baba Majo Allah ya saka da alheri. Maganar ƴan dubiya ita ce matsalarmu. Ranar da aka yi wa maigidana aiki, mutum ya fi 40 suka zo gaishe shi, har ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana shigowa da kwanuka. In ka hana a ce ka yi girman kai. Shi kuma kowa ya shigo sai ya yunƙura ya amsa gaisuwa.

Ɗan_Konni:
Duk na ji, amma ba wanda ya amsa maganata. Ta baya ba ta fi ba? Mahaifiyata da ita aka yi mata, tana jin duk abin da ake cewa, ta fito garas.

Ɗalibar_Likita:
Yaya Ɗan_Konni, alhamdu lillahi da Inna ta fito lafiya, amma mutum ɗaya ba ya zama hujja. Ni ma da haka na ɗauka, sai da muka karanta wani bincike na Amurka da Kanada da ya fito a 2021. Mutum 1,600 masu karayar ƙugu aka raba gida biyu, wasu allurar baya wasu barci gaba ɗaya. Ruɗewa ta zo kusan daidai, wajen mutum ɗaya cikin biyar a kowane ɓangare. A Sin ma an yi irinsa aka samu haka. Abin da malamanmu ke cewa shi ne aikin kansa, yankan da kumburin da jiki ke yi don ya warke, da ciwo, da zubar jini, su ke girgiza ƙwaƙwalwar da dama ta fara rauni. Allurar baya tana da nata amfanin, aikin prostat ma sau da yawa da ita ake yi, sai dai ba laya ba ce.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1955 wani likita a Ingila mai suna Bedford ya rubuta a kan tsofaffin da danginsu ke cewa tun da aka yi musu aiki ba su koma daidai ba. Irin maganar da Ɗan_Boukoki ya yi a kan kawunsa ke nan, an rubuta ta tun wancan lokacin.

Ɗan_Konni:
To na karɓa rabi. Amma ni dai in nawa ne, ta baya zan roƙa.

Malam_Na_Yantala:
Ina so in taɓo wani gefe da ba a taɓa ba. Sau uku ana tashina cikin dare a kai ni asibiti, wai tsoho ya gamu da iska bayan aiki, yana ganin mutane a bango, a zo a yi ruƙiya. Ina zuwa, ina karanta abin da ya sawwaƙa, don Alƙur'ani waraka ne kuma muryar da mutum ya saba da ita tana kwantar mishi da rai. Amma kowane lokaci sai na ce a kira ma'aikacin lafiya mai gadin dare ya duba shi tukuna. Na ukun, ashe sukarinsa ne ya faɗi. Da mun tsaya tofi har asuba da wani labarin ake yi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa sammu ne, har a fara zargin kishiya ko surukai. Gida ya rabu a kan abin da ƙarin ruwa leda biyu zai gyara. Jama'a mu ji tsoron Allah.

Maman_Rabi:
Malam kamar kana gidanmu. Ni aka kalla lokacin, don ni ke dafa mata abinci. Sai da aka gano jininta ne ya yi ƙasa aka ƙara mata, ta farka ta kira sunana, sannan aka bar ni na sha iska. Ban taɓa faɗa wa kowa zafin da na ji ba sai yau.

Hajiya_Talladje:
Allah sarki ƴar'uwa. Allah ya bi miki haƙƙinki.

Baƙon_Lyon:
Ni ina zaune a Faransa, ina aikin kula da tsofaffi. Kada ku ga laifin ƙanwarsa, nan melatonin kamar goro yake, kowace farmasi akwai, masu tafiya Amurka ma suna sha don barcinsu ya daidaita. Wasu likitocin suna rubuta wa tsofaffi shi saboda ya fi sauran magungunan barci sauƙin illa, ba ya sa maye irin nasu. Abin da na gani da idona: yana taimaka wa wasu su yi barci da wuri, wasu kuma su tashi da nauyin kai ko jiri. Tsoho mai jiri da sondi a jiki, in ya tashi cikin dare, faɗuwa ce. Don haka ko an ba shi, a samu mai kwana kusa.

Ɗan_Boukoki:
Mai_Farmasi, na samo. Diazepam ce, ta miligiram 5. Ya ce ya fi shekara biyu yana sha kusan kullum, wurin mai tebur yake saye. Wallahi ba wanda ya sani a gidan.

Mai_Allurar_Barci:
Alhamdu lillahi da ka tono wannan. Ka ga, wannan ɗaya ta fi duk zancen melatonin nauyi. Diazepam da danginta suna cikin magungunan da aka tabbatar suna jawo ruɗewa ga tsofaffi. Amma kada ka ƙwace mishi yau! Wanda ya shekara biyu yana sha, in aka yanke farat ɗaya, yankewar kanta tana kawo ruɗewa, rawar jiki, har farfaɗiya. Da ba a sani ba, da ya kwanta asibiti, ƙwaya ta yanke da kanta, dare na biyu ko na uku ya birkice, a rasa dalili. Ka gaya wa mai allurar barci da wanda zai yi aikin, su za su tsara yadda za a yi. Haka tramol, haka Phenergan da ake ba mutane don su yi barci, haka giya ga mai sha a ɓoye. Ba don tonon asiri muke tambaya ba.

Tunda prostat ne, in ta mafitsara za a kankare, akwai ruwan da ake wanke wurin da shi, wani lokaci jiki ya shanye shi gishirin jini ya sauka, shi ma yana rikita mutum. Ana auna shi, ana gyara shi. Shi ya sa in Baba ya fara zance ba kai, kira za ka yi nan take, kada ka jira zagayen safe.

Majo_Tahoua:
A ƙara da goro da shayi. Tsohon da ya saba da goro biyar a wuni da shayi uku, ka raba shi da su rana ɗaya, kai zai sara, rai ya ɓaci. A tambayi lokotoro yaushe za a mayar mishi, da rana, ba da dare ba.

Ɗiyar_Madaoua:
Ni tambaya gare ni, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Kakata an yi mata aikin yanar ido wata biyu da suka wuce, tun daga nan mantuwarta ta ƙaru, tana tambayar kakanmu da ya rasu. In sayo mata melatonin ɗin?

Ɗalibar_Likita:
Ƴar'uwa, aikin yanar ido ƙarami ne, galibi ido kawai ake kashewa. Ku tuna da kyau, kafin aikin ba ta fara mantuwa ba? Sau da yawa rikicin tsufa ya riga ya fara a hankali, gida bai lura ba sai da wani abu ya faru aka sa ido. Melatonin ba ya maganin wannan. Ku kai ta a duba jininta, sukari, hawan jini da magungunan da take sha.

Ɗiyar_Madaoua:
Gaskiya tun bara take ɓatar da makulli tana cewa an sace. To za mu kai ta.

Ɗalibar_Likita:
In koma kan maganar Baba Majo, abin da ya yi shekara 30 yana yi da hannunsa an auna shi. Wata likita a Amurka, Sharon Inouye, ta buga bincike a 1999 a kan tsofaffi 852 masu shekara 70 zuwa sama da aka kwantar. Abubuwan da aka yi musu: a riƙa gaya musu rana da wuri, a mayar musu da tabarau da na'urar ji, a ba su ruwa, a tashe su su taka, a bar su su yi barci ba tare da ƙwaya ba. Ruɗewa ta sauko daga kashi 15 zuwa kusan kashi 10. Ba masu tiyata ba ne, amma daga baya an ɗauki tsarin zuwa ɗakunan tiyata. Mu nan ma muna da abin da su sai sun ɗauko masu sa kai: ƴan jinya na jini. Kuma muna da salla biyar. In kana gaya wa Baba an kira azahar, ga la'asar ta yi, kana ba shi ƙasa ya yi taimama, ka riƙe mishi agogon ransa ke nan.

Mai_Farmasi_Wadata:
Amma kada mu yi wa melatonin rashin adalci. Akwai inda hujjarsa ta fi ƙarfi, wato rage fargaba kafin a shiga aiki, an gwada sau da yawa an gani. Tsohon da aka saba ba diazepam don ya natsu, in aka samu abin da ya fi sauƙi, ai ci gaba ne. Kuma ba a rufe bincike a kansa ba.

Mai_Allurar_Barci:
Haka ne, ban musa ba. Ni abin da nake gudu shi ne iyali su ba da ƙwaya su saki jiki, su ce an tsare.

Ɗan_Boukoki:
Jama'a na dawo. Yau muka ga mai allurar barci, na kai kwalin da diazepam ɗin duka. Ta daɗe tana yi wa Baba tambayoyi, har ta sa ya faɗi watanni daga ƙarshe zuwa farko, ya yi tuntuɓe biyu. Ta ce za a ɗaga aikin da ɗan lokaci a fara rage mishi diazepam a hankali, ta rubuta yadda za a yi. Melatonin kuma ta ce ba ta hana ba, ba ta kuma yi mini alkawarin komai a kansa ba, in an fara rage wancan za ta ga ko a shigo da shi don barci. Baba ya yi fushi da ni a kan tona mishi asiri, tun a mota bai yi mini magana ba. Mun raba kwana ni da ƙannena biyu, ni zan ɗauki dare na biyu da na uku. Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne ƴan dubiya, don ƴan garinmu kaɗai sun isa su cika ɗakin.

Majo_Tahoua:
Hushin zai wuce, ɗana. Ƴan dubiya kuwa, ka samu babba cikin dangi, wanda ba a iya musa mishi, shi za ya tsaya bakin ƙohwa ya ce lokotoro ya hana. Kai yaro ne a wurinsu, ba su ji daga gare ka. A shimfiɗa musu tabarma a gida, a karɓi gaisuwa can. Kuma kada ka manta tabarau nai da carbi, ka sa su cikin jaka tun yanzu.

Hajiya_Talladje:
Wa ke da babban da zai iya wannan a zamanin nan? Mu namu shi ya fara kawo tawaga.

Maman_Rabi:
Ɗan_Boukoki, a sa mace ɗaya cikin masu kwanan, ko gwaggonku. Kuma in ya yi shiru da yawa kada ku ce hutawa yake, ku tashe shi ku tambaye shi sunan jikokinsa. Ka dawo ka gaya mana ranar da aka sa.